Lambar UV a Wayarka: Me Take Faɗa Maka Game da Ranar Zariya?

A manhajar yanayi ta yawancin wayoyin Android da iPhone akwai wata lamba da ake kira UV. Ba zafin gari take aunawa ba, ƙarfin hasken rana mai ƙona fata take nunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 3 ya kamata a fara kare jiki, 11 zuwa sama kuwa shi ne mataki mafi haɗari. A Zariya, da tsakar rana a watannin Maris da Afrilu, lambar takan kai can.

Baƙar fata tana da kariya ta halitta, amma ba cikakkiya ba. Ɗalibin ABU a Samaru da ɗan acaɓa da mai talla a kasuwar Sabon Gari duk rana na iya ƙara musu duhun tabon ƙuraje. Haɗarin ya fi yawa ga zabiya, saboda sankarar fata, da masu shafa man bilicin.

In za ka sayi man kariya, duba lambar SPF. SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken UVB, SPF 50 kuma kashi 98. Zaɓi wanda yake tare UVA ma, mai lambar NAFDAC. Shafa minti 15 kafin ka fita, ka sake bayan awa 2, ko bayan alwala da yawan gumi.

Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, haɗa da malfa ko lema, ka nemi inuwa.