Russ Columbo, mawaƙin da uwarsa ba ta ji rasuwarsa ba

Kafin zuwan makirufo, dole mawaƙi ya ɗaga murya. Da na'urar ta zo, sai aka samu masu rera waƙar soyayya a hankali, kamar suna raɗa a kunnen mai saurare. Russ Columbo na cikin na farkonsu.

An haife shi a Camden, ƙasar Amurka, a shekara ta 1908. Iyayensa ƴan Italiya ne. Ya fara da kiɗan gogen Turawa, ya yi aiki a ƙungiyar Gus Arnheim. A 1931 ya shiga gidan rediyon NBC, yana gogayya da Bing Crosby, waƙarsa "Prisoner of Love" ta game ƙasa.

Ranar 2 ga Satumba 1934, a Los Angeles, wata tsohuwar bindiga ta tashi bisa kuskure a hannun abokinsa, harsashi ya same shi a ka. Ya rasu yana da shekara 26.

Lokacin uwarsa na kwance da ciwon zuciya. Don gudun kada labarin ya kashe ta, sai ƴaƴanta suka riƙa karanta mata wasiƙun da suka rubuta da sunansa. Haka ta rasu a 1944, tana zaton ɗanta na yawon waƙa a duniya.