Zafin Bazara Ba Abin Wasa Ba Ne

Jama'a, daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, zafi a wajajen Sakkwato, Nguru da Maiduguri yakan wuce digiri 40. A watan Afrilu na 2024, a garin Kayes na ƙasar Mali, ya kai 48 da rabi. Shi kuwa jikin ɗan Adam kamar digiri 37 yake, ba ya son ƙari.

Da zufa jiki yake sanyaya kansa, kamar yadda randa takan tsattsafo ruwanta ya yi sanyi. To, amma randar da ke yoyo, in ba a ƙara mata, ƙafewa za ta yi. Haka mutum yake. Zufa ruwa ce da gishiri, in sun fita lalle a mayar.

Sabo da haka kada ka jira sai ƙishirwa ta kama ka. Sha ruwa mai tsabta a kai a kai. Kunu da fura da ruwan tsamiya duk suna taimako. Dubi fitsarinka: in ya yi kaɗan, ya yi ja, ruwan jikinka ya ragu. Mai azumi ya sha da yawa tsakanin buɗa baki da sahur.

Sharar gona da kai taki a yi su da sassafe. In rana ta take, a koma inuwa har la'asar. Ka sa malafa da riga fara mai yalwa, kada ka bar gorar ruwa a gida. Ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana tanda ne, kada a bar tsoho ko majinyaci ko yaro a ciki. In za a kwana a tsakar gida, a ɗaura gidan sauro.

Uwargida, jaririn da bai kai wata shida ba nono kaɗai za a ba shi, ba ruwa. A yawaita ba shi, ke kuwa ki yawaita sha. Tsofaffi sau da yawa ba su jin ƙishirwa, sai a riƙa miƙa musu.

In mutum ya ji ciwon kai da jiri da kasala, a kwantar da shi a inuwa. A dama sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin ruwa lita ɗaya, ya riƙa kurɓa.

Amma in jikinsa ya yi zafi zau, ya fara sambatu ko ya suma, wannan ba aikin iska ba ne, zafi ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, yana kuwa kisa. Maza a sassauta masa tufafi, a kwarara masa ruwa, a yi ta yi masa fifita. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, zai shaƙe. A garzaya da shi asibiti, ana jiƙa shi a hanya. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuma alamar sanƙarau ce, ita ma kada a kwana da ita a gida.

Maigida, kai ne makiyayin gidanka. Kullum da safe ka tabbata randa a cike take. Allah ya kai mu damina lafiya.