AMSAR WASIƘUNKU: Takardun inshorar lafiya a lokacin haraji a Amurka

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani bawan Allah ɗan Jamhuriyar Nijar, mazaunin garin Greensboro da ke jihar North Carolina a ƙasar Amurka, inda yake sana'ar tuƙin motar haya. Bayan gaisuwa mai yawa ga ma'aikatan wannan fili, ya ce a farkon shekara takardu biyu suka iso masa ta gidan waya, ɗaya mai lamba 1095-A, ɗayar kuma 1095-B da sunayen 'ya'yansa a ciki. Wani abokinsa da ke aiki a wani babban kamfani ya ce masa su 1095-C ake ba su, kuma wai tun da aka soke tarar rashin inshora babu abin da ake yi da waɗannan takardu, ya zuba su a shara kawai. Shi ne yake tambaya, mene ne bambancinsu, kuma da gaske ne ba su da sauran amfani?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, kuma ka yi dabara da ka tambaya kafin ka zubar, domin dai matambayi ba ya ɓata. Abokin naka yana da 'yar gaskiya game da tasa takardar, amma taka ta 1095-A daban take. Idan ka yar da ita, lissafin harajinka na shekara ba zai kammala ba, kuma kana iya rasa tallafin da gwamnati ke biya maka.

Bari mu fara daga tushe, saboda masu sauraronmu na gida za su yi mamakin abin da ya haɗa asibiti da haraji. A ranar 23 ga watan Maris na 2010 ne Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan dokar inshorar lafiya, wadda jama'a suka laƙaba wa suna Obamacare. Dokar ta wajabta wa kusan kowa ya mallaki inshorar lafiya daga 2014, wanda ya ƙi kuwa a ci shi tara a lokacin biyan haraji. A 2012 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke hukunci cewa wannan tara haraji ce, saboda haka majalisa tana da ikon ɗora ta. Tarar ta fara da dala 95 ga kowane baligi a 2014, ko kashi 1 cikin 100 na abin da ake lissafa wa haraji, wanda duk ya fi yawa, zuwa 2016 kuwa ta kai dala 695 ko kashi 2.5 cikin 100. To ka ga dole hukumar tara haraji ta ƙasar, wato IRS, ta san wane ne ke da inshora, kuma a waɗanne watanni. Wannan shi ne asalin takardun nan uku.

A watan Disamba na 2017 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wata dokar haraji da ta mayar da tarar sifiri daga shekarar 2019. Nan ne maganar abokinka ta samo asali. Sai dai tarar gwamnatin tarayya kaɗai aka soke. Tallafin da dokar ta tanada yana nan, kuma ta hannun hukumar haraji ake lissafa shi.

Yanzu mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mu fara da masu sauƙin.

Fom 1095-B shaida ce kawai cewa mutum yana da inshora. Kamfanonin inshora ne ke bayar da ita, da kuma shirye-shiryen gwamnati irin su Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi, da CHIP na yara, da Medicare na dattawan da suka kai shekara 65. Tun da sunayen 'ya'yanka ne a kan taka, ga alama suna ƙarƙashin ɗaya daga cikin shirye-shiryen nan. Ita kuwa 1095-C, kamfanin da ke da ma'aikata na cikakken lokaci 50 ko fiye ne ke bayar da ita, kuma a wurin wannan doka cikakken lokaci shi ne awa 30 a mako. Tana nuna irin inshorar da kamfani ya yi wa ma'aikaci tayi da abin da zai riƙa biya. Waɗannan biyun ba a haɗa su da takardar haraji, ba a kuma jiran isowarsu kafin a cika ta. Hasali ma wata doka ta watan Disamba na 2024 ta ba kamfanoni damar su bayar da su ga wanda ya nema kawai. Amma duk da haka a adana su tare da sauran takardun haraji, aƙalla shekara uku.

To sai uwa-uba, fom 1095-A. Ita ana aiko ta ne ga wanda ya sayi inshorarsa da kansa a kasuwar inshora ta gwamnati, wato HealthCare.gov, wadda jiharku ta North Carolina ke amfani da ita, ko kasuwar da wasu jihohi suka kafa tasu, kamar New York da Kalifoniya. Masu sana'ar kansu irinka, direbobi da 'yan kasuwa da masu kitso, galibi nan suke saye. Ana aiko ta zuwa ƙarshen watan Janairu, kuma mutum zai iya sauko da ita daga shafinsa na intanet idan ta ɓace.

Ka tuna ranar da ka yi rajista, an tambaye ka nawa kake sa ran samu a shekara? A kan wannan ƙiyasi ne gwamnati ta tsayar da tallafinka, tana tura shi kai tsaye ga kamfanin inshora kowane wata, kai kuma ka cika sauran. To Malam, wannan kuɗi kafin-alƙalami ne. An ba da shi ne a kan zato, sai shekara ta ƙare a zauna a yi lissafi a kan ainihin abin da ka samu.

Idan ka duba kashi na uku na takardar, za ka ga watanni goma sha biyu a jere da layuka uku na lambobi. Layin A shi ne cikakken kuɗin inshorarka na wata. Layin B shi ne farashin da ake auna tallafi da shi. Inshorar kasuwar nan hawa-hawa ce, akwai ajin tagulla, da na azurfa, da na zinariya, da wanda ya fi su, to farashi na biyu wajen araha a ajin azurfa na yankinku shi ne ma'aunin. Layin C kuwa shi ne abin da gwamnati ta riga ta biya a madadinka. Waɗannan lambobi ne za a kwashe a zuba a wata takarda mai lamba 8962, ita kuma a haɗa ta da babbar takardar haraji ta 1040, wadda wa'adinta ya saba cika ranar 15 ga watan Afrilu. Ita 1095-A ɗin tana zama a hannunka.

Ga misali don a fahimta. A ce gwamnati tana biya maka dala 400 a wata, ka ga a shekara dala 4,800 ke nan. Sai Allah ya buɗa, aiki ya yi kyau, ka samu fiye da yadda ka ƙiyasta, lissafin 8962 ya nuna dala 3,600 ce haƙƙinka. To dala 1,200 da ta hau kai bashi ce, za a ɗora ta a kan harajinka ko a zare ta daga rarar da za a mayar maka. Idan kuma kasuwa ta ja baya, ka samu ƙasa da ƙiyasi, lissafi ya nuna dala 5,500, to kai ne ke bin gwamnati dala 700. Ka ga wanda ya zubar da takardar yana iya zubar da kuɗinsa ke nan.

A nan akwai sauyin da ya kamata kowa ya sani. A da, akwai iyaka ga abin da za a ce mai ƙaramin ƙarfi ya mayar, ko da abin da ya hau kai ya fi haka. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga watan Yuli na 2025 ta cire wannan iyaka daga shekarar haraji ta 2026, wato duk abin da ya hau kai sai an biya shi cif. Maganin abin shi ne, da zarar samunka ya canza, ko ka yi aure, ko an yi maka haihuwa, ko ka samu aikin da ke ba da inshora, ka sanar da kasuwar inshora cikin kwana 30 don a gyara tallafin tun tafiya ba ta yi nisa ba. Wanda ma kamfaninsa ya yi masa tayin inshora mai rahusa ya ƙi, ya je kasuwa ya karɓi tallafi, to takardar 1095-C za ta nuna tayin, kuma ana iya cewa bai cancanci tallafin ba tun farko.

Me zai faru idan mutum ya ƙi haɗa 8962? Idan ta intanet ya tura, na'urar hukumar za ta dawo masa da takardarsa. Idan ta gidan waya ce, za a aiko masa da wasiƙa mai lamba 12C a nemi ya cike giɓin, rarar kuɗinsa kuma ta tsaya har sai ya amsa. Wanda ya ci gaba da yin biris kuwa, ana iya yanke masa tallafin gaba ɗaya. Kuma ko da samun mutum bai kai wanda ake wajabta cika takardar haraji a kansa ba, muddin an biya masa wannan kafin-alƙalami, dole ya cika.

Kafin ka miƙa wa mai cika maka takardu, ka zauna ka duba sunaye da watanni da lambobi, domin su ma hukumomi suna kuskure. A watan Fabrairu na 2015 mutane kusan 800,000 ne aka aika wa 1095-A mai kuskure a lissafin ma'aunin nan na layin B. Idan ka ga abin da bai yi daidai ba, kasuwar inshora za ka kira ta aiko da gyararriya, domin ita ta rubuta ta. Idan kuma kuɗin masu cika takardu ya yi maka tsada, akwai shirin VITA na hukumar IRS, inda 'yan sa kai ke cika wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta.

Sauran magana ɗaya ga 'yan uwa da ke wasu jihohin. Massachusetts, wadda ta riga kowa kafa irin wannan doka tun 2006, da New Jersey, da Kalifoniya, da Rhode Island, da birnin Washington, duk suna da tasu tarar ta rashin inshora. Mazauna can su riƙe 1095-B da 1095-C da kyau, a yawancin wuraren nan su ne shaidarsu a wajen hukumar harajin jiha. North Carolina dai ba ta cikinsu.

Da fatan Malam ya gamsu, a kuma isar wa abokin naka da wannan bayani tare da gaisuwarmu. Masu tambaya su ci gaba da aiko da wasiƙunsu, a riƙa rubuta gari da ƙasa yadda za su karantu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, ku huta lafiya.