Kyautar Kirsimeti Ga Jika Mai Fasahar Hannu

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, aka rufe makaranta, sai hankalin kowa ya koma kan shirin Kirsimeti. Ɗinkin sababbin kaya da sayen takalma aikin iyaye ne. Kaka kuwa, mace ko namiji, nasa shi ne ɗan abin da zai ɓoye a aljihu ko a ƙunshin zane, ya miƙa wa jika bayan an taso daga sujada. Da yawa daga cikinmu malamai da dattawan ikkilisiya mun kai wannan matsayi, mun kuma san yadda abin yake tafiya. Mu shiga kasuwa ana saura kwana biyu, mu ɗauki bindigar roba ko tabarau mai launi ko mota mai batir, mu biya, mu fita. Kafin Sabuwar Shekara abin ya karye, kuɗin kuwa ba su dawowa.

Ga yawancin yara wannan ba wata babbar asara ba ce. Amma akwai wani irin yaro da muke so mu yi magana a kansa. Shi ne wanda yake zana shanu da gawayi a bangon ɗaki, yake fere karan dawa ya haɗa mota, ya yanko ƙafafunta daga tsohon silifas. Ita ce yarinyar da take tsince ƙyallaye a ƙofar tela ta ɗinka wa 'yar tsanarta riga, ko ta kwaɓa laka ta gina tukwane ta jera a rana. A gida sau da yawa sunansa "mai ɓarna", kuma ya sha bulala a kan almakashin uwarsa. Kyautar da kakansa zai ba shi tana iya zama karo na farko da wani babba ya nuna masa cewa abin da hannunsa yake yi yana da daraja.

Mun taɓa ganin yaro ɗan shekara bakwai da aka sayo masa mota mai batir, mai tsada ƙwarai. Ya yi wasa da ita kwana biyu. A rana ta uku ya sa wuƙa ya buɗe cikinta don ya ga abin da yake juya ƙafafun, kwalin da ta zo a ciki kuwa ya mai da shi gida mai ƙofa da taga, ya riƙe shi har makonni. Mutanen gidan sun ce ba shi da godiya. Mu dai a ganinmu yaron ya faɗi abin da yake so ne, ba a ji ba. Motar an riga an gama ta a masana'anta, ba a bar masa aikin kome ba sai danna maɓalli da kallo. Kwalin ne ya bar masa wurin da zai sa hannu. Kayan wasa iri biyu ke nan, wanda aka gama da wanda yaro ne zai gama shi, kuma na biyun ne ya dace da jika mai fasaha.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Duk wanda ya bi ta kwalejin horon malamai ya ji sunan Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna kindagatin a 1840. Kayan koyarwar da ya shirya wa yara "kyautai" ya kira su. Ta farko ƙwallaye ne masu taushi na ulu, guda 6, kowace da launinta. Ta uku ɗan gungumen katako ne da aka raba gida 8, yaro ya warwatsa ya sake haɗawa, yau kujera, gobe rijiya. A Amurka, wata uwa ta ga irin waɗannan katakai a wani babban baje koli a birnin Filadelfiya a 1876, ta samo wa ɗanta. Yaron shi ne Frank Lloyd Wright, wanda ya zama ɗaya daga cikin mashahuran masu zanen gine-gine na ƙasarsa, kuma shi da kansa ya rubuta cewa waɗannan katakai sun bi shi har cikin aikinsa. Lego ɗin da ake sayarwa da tsada a manyan shaguna ma, wani kafinta ne a ƙasar Denmak ya kafa kamfanin a 1932, da kayan wasa na katako ya fara. Saboda haka kakan da ya je wurin kafintan unguwa ya roƙi guntayen katako, aka goge su sumul don kada su soki hannu, aka zuba a jaka, bai yi wa jikansa rowa ba.

Kafin a je kasuwa, a ɗauki mako guda ana lura. Ina hannun yaron yake zuwa in ba wanda ya sa shi aiki? Mai zane yana bukatar takarda fiye da kome, mai yawa, wadda ba za a yi masa faɗa in ya ɓata ba. Bandir guda na farar takarda yana da falle 500, zai kai shi watanni, bayan tsofaffin kalanda ma yana yi. Mai haɗa motar waya kuwa, ƙaramar filaya da ƙunshin waya mai laushi sun fi masa kowace mota. Mai ɗinki a ba ta allura mai babbar kafa, da zare kala-kala, da almakashinta na kanta, ko kwarashi da ulu. Wanda yake buga kowane bokiti a gidan, ƙaramar ganga ko sarewa, in iyayensa za su jure. Kada kuma mu yanke hukunci da cewa wannan na maza ne, wancan na mata. Mun koyar da 'yan mata da suka fi kowa a aji iya riƙe guduma.

Shekaru suna da muhimmanci ta fuska biyu. Ta farko lafiya. Yaron da bai kai shekara 3 ba yana kai kome baki, don haka duwatsun ado da maɓallai da ƙananan ƙusoshi ba nasa ba ne. A kiyayi ƙaramin batir ɗin nan mai kama da kwabo da ake sa wa agogo da kayan wasa masu walƙiya. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙone naman wurin cikin awa 2 kawai, sai a garzaya asibiti. Wuƙa da filaya kuma sai an kai shekarun hankali, da babba a kusa.

Fuska ta biyu ita ce ta fi damunmu a matsayin malamai. Wani masanin koyar da zane, Viktor Lowenfeld, ya bayyana a littafinsa na 1947 yadda zanen yara yake canzawa da girma. Daga shekara 2 zuwa 4 zirge-zirge ne kawai, yaro yana jin daɗin motsin hannunsa. Daga 4 zuwa 7 mutum ya fara fitowa, ƙaton kai da ƙafafu biyu, kuma yaron ba ya jin kunyar kowa. Amma wajen shekara 9 sai idonsa ya buɗe, ya fara gwada zanensa da abin da yake gani a zahiri, ya ga dokinsa bai yi kama da doki ba. A nan ne yara da yawa suke ajiye fensir. Muna karɓarsu a aji ɗaya na sakandare, mu ce kowa ya zana itace, sai mu ji "Malam, ni ban iya ba" daga kowace kusurwa, alhali shekaru huɗu da suka wuce babu bangon da suka bari. Jikan da yake wannan gaɓa ba kayan yara yake bukata ba. A ba shi abin da manya suke aiki da shi: littafin zane mai takarda mai kauri, fensira masu kyau, buroshi na gaske. Ƙananan abubuwa uku masu inganci sun fi babban akwati mai kyalli da aka cika da fensira 100 waɗanda ba sa kama takarda. A gwada a gaban mai shago kafin a biya.

Akwai kuma abin da kaka yake da shi wanda ba a sayarwa. Duk wanda ya juya takardar naira 20 zai ga mace tana ginin tukunya. Ladi Kwali ce, daga garin Kwali a ƙasar Gbagyi. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a wurin gwaggonta, tana yi musu ado da zanen ƙadangare da kunama da kifi. Sarkin Abuja na wancan lokaci, garin da ake kira Suleja yanzu, ya tara tukwanenta a gidansa, a can ne Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe, ita ce mace ta farko a wurin. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Duk wannan daga wata dattijuwar gida da ta zaunar da yarinya kusa da ita ta ba ta curin yumɓu. Mu da muke karanta labarin Bezalel a Littafin Fitowa mun san daga wurin wa gwanintar hannu take zuwa, amma ta hannun mutane take bi. Kakar da ta iya saƙar faifai, ko kakan da ya iya sassaƙa ƙotar fartanya, in ya haɗa kyautarsa da alkawarin yammacin kowace Asabar, ya ba da abu mai nauyi.

A yi shawara da iyayen yaron tukuna, gama su ne za su share fenti a ƙasa. In jikokin suna da yawa, kowa ya sami ɗan wani abu, don kada ranar murna ta zama ta kuka. Yana da kyau a haɗa da ƙaramin akwati ko tsohon gwangwani mai murfi, inda zai adana kayansa daga ƙannensa. Ranar da ya kawo zanensa na farko, saniyar tana iya zama koriya, da ƙafa biyar. Kada a gyara masa, kada kuma a ce "mene ne wannan?" A jawo shi kusa a ce, "Maigidana, zo ka ba ni labarin wannan saniya taka." Daga nan a nemo ƙusa a kafa takardar a bangon ɗaki, daidai inda baƙin Kirsimeti za su zauna.