Kalmar « flood » ta ingilishi: asalinta, ma'anoninta da matsalar fassara ta

1. Gabatarwa

Kowace damina kalmar « flood » takan faɗo hannun masu fassara a Nijar, cikin rahotannin ƙungiyoyin agaji da na masu binciken ruwa. Sau da yawa takan biyo ta faransanci, a maida ta « inondation », daga nan a ce « ambaliya » a gidan rediyo. A cikin wannan ƴar maƙala za mu nuna cewa wannan hanya ba kullum take ɓullewa ba. Tushen kalmar yana nufin gudanar ruwa da cikowarsa. Ɓarna ɗaya ce kawai daga cikin ma'anonin da suka tsiro a kansa. Za mu duba asalinta, sannan ma'anoninta, kafin mu kwatanta ta da takwarorinta na faransanci da na hausa.

2. Asalin kalmar

« Flood » ba kalmar aro ba ce, ingilishi ya gaje ta ne daga kakanninsa. A tsohon ingilishi, wato kafin shekara ta 1100, ana rubuta ta flōd, da dogon wasali. Tana da ƴan'uwa a sauran harsunan dangin jamusanci: Flut a jamusanci, vloed a harshen Holanda, flóð a tsohon harshen mutanen Iskandinabiya, da flōdus a harshen Got, wanda aka fassara Linjila cikinsa a ƙarni na 4. Daga kwatanta waɗannan ne masana suka gina siffar *flōduz (tauraron yana nuna cewa ba a tarar da ita a rubuce ba, hasashen kwatance ce). Ita kuma suna ce da aka ƙera daga saiwar fi'ilin da ya ba da « flow » na yau, wato gudana.

In aka ƙara matsawa baya, sai a iske saiwar indo-turai *pleu-, mai ma'anar gudana ko tafiya bisa ruwa. Juyawar p zuwa f tana cikin ƙa'idar sauyin baƙaƙe da Jacob Grimm ya tsara a 1822, bayan aikin Rasmus Rask na 1818: inda latinanci ke da p, dangin jamusanci suna da f, kamar pater da « father », ko piscis da « fish ». Saboda haka ƴan'uwan « flood » na jini a faransanci su ne « pluie » da « pleuvoir », daga latinanci pluere.

A nan akwai tarkon da ɗalibai kan faɗa ciki. « Fleuve », « flux » da « fluide » sun yi kama da « flood » a kunne da ma'ana, amma daga latinanci fluere suke, kuma f na farkon kalma a latinanci ba daga *p yake fitowa ba. Kama da wane dai ba ta wane. « Flot » ce kaɗai ƙamusoshin asali suke dangantawa da dangin jamusanci.

Lafazin kalmar shi ma yana da tarihi. Rubutun oo ya adana tsohon dogon wasali. Wasalin ya tashi zuwa dogon u a lokacin babban sauyin wasula na ingilishi, kamar yadda yake har yau a « food ». A « flood » da « blood » sai ya gajarce da wuri, kuma a ƙarni na 17 ya buɗe ya koma kusa da a a kudancin Ingila. Shi ya sa kunnen Bahaushe ke jin « fulad ». A arewacin Ingila, inda wannan sauyi na ƙarshe bai faru ba, har yanzu da gajeren u ake faɗin ta.

3. Ma'anoni

A matsayin suna, ana iya rarrabe ma'anoni huɗu tun daga tsohon ingilishi.

a) Ruwa mai yawa da ke gudana: kogi ko teku. Haka take a tsohuwar waƙar Beowulf, kuma fassarar Baibul ta Sarki James, ta 1611, ta kira kogin Furatu da wannan suna a sura ta 24 ta littafin Joshuwa. Wannan ma'ana ta tsufa.

b) Cikowar teku, kishiyar « ebb », wato janyewa. Matuƙan jiragen ruwa suna amfani da ita har yanzu. Da ita Shakespeare ya yi wa Brutus misali a wasan Julius Caesar, inda cikowar ruwa ke nufin dama mai wucewa. Babu alamar masifa a nan, lokacin tashin jirgi ne.

c) Ruwa ya ƙetare gaɓa ya rufe tudu. Ita ce ta rinjaya a yau, kuma daga gare ta aka samu « flash flood », ruwan da kan taso farat ɗaya bayan mamako, da « floodplain », filin da kogi kan malale.

d) Ruwan zamanin Annabi Nuhu, da babban baƙi a farko.

Fi'ilin ya zo a makare, cikin ƙarni na 17, ba tare da wani ɗafi ba: sunan ne aka ɗauka yadda yake. Daga nan ma'ana ta faɗaɗa zuwa duk abin da ya kwararo ya fi ƙarfin mazubinsa: hawaye, wasiƙu, haske, hajar da ta cika kasuwa har farashi ya karye, man da ya yi wa injin mota yawa har ya ƙi tashi. Masu aikin kwamfuta suna kiran harin da ake tura wa na'ura buƙatu barkatai har ta kasa amsawa da wannan suna, kuma matasan Faransa sun ara sun ƙera fi'ilin « flooder ». Ya kamata a lura da amfani da ita kan mutane: idan ɗan siyasa ya kira zuwan ƴan gudun hijira « flood », ya riga ya maida su bala'i kafin a fara muhawara.

Ingilishi ya kuma ari kalmomi biyu da ke zaune kusa da ita: « deluge » daga faransanci, asalinta latinanci diluvium, da « inundation » daga latinanci unda, igiyar ruwa. Ta gado ita ce ta bakin kowa, na aron kuwa sun fi zama a littafi.

4. Kwatance da faransanci da hausa

Abin da ingilishi ya tara cikin kalma ɗaya, faransanci ya raba shi huɗu: « crue » ga hawan ruwan kogi, « inondation » ga malalarsa bisa tudu, « flot » ko « flux » ga cikowar teku, « déluge » ga ruwan Nuhu. Hausa ta fi kusa da faransanci a nan. Mukan ce gulbi ya kawo ko ya ciko, wato cikowa; in ya batse ya shiga gari ya ci gidaje, ambaliya ke nan; na Annabi Nuhu kuwa ruwan ɗufana ne, daga larabci ṭūfān, bisa ƙa'idar da ta ba mu ɗalibi da ɗabi'a.

Kogin Isa a Yamai ya isa misali. Sau biyu yake cikowa a shekara. Ta farko cikin Agusta da Satumba, daga ruwan saman yankin da rassan kogi irin su Sirba ke kawowa, jajawur da laka. Ta biyu tsakanin Disamba da Fabrairu, daga ruwan da ya sauka a tsaunukan Gine ya daɗe yana ratsa fadamun Mali. Masana ruwa suna ce musu « crue rouge » da « crue guinéenne », amma a rubutun ingilishi duka biyun « flood » ne. Ta biyun, a yawancin shekaru, masunta da manoman shinkafa jiran ta suke yi. Wanda ya fassara ta da « ambaliya » ya tayar da hankalin jama'a a banza. A Satumban 2020 kuwa, da ruwa ya kai wajen santimita 700 a ma'aunin Yamai ya fasa gaɓa ya shiga unguwanni, « cikowa » ta yi kaɗan, ambaliya ce. Haka nan ruwan gulbin da ya rushe tsohon garin Maraɗi a 1945, har aka maida gari bisa tudu.

Matsalar ba ta ƙawar harshe kaɗai ba ce. Sanarwar da ke cewa ambaliya duk lokacin da kogi ya kawo, sannu a hankali mutane za su daina jin tsoron kalmar, ran da ambaliyar gaske ta zo kuma ba mai kwashe kayansa.

5. Kammalawa

Muna ba masu fassara da masu tsara ƙamus shawarar su yi wa kowane « flood » tambayoyi biyu: ruwan ya wuce gaɓarsa? ya yi ɓarna? In amsar a'a ce, sai a ce cikowa ko kawowar gulbi. In i ce, ambaliya. Ga « floodplain » muna da fadama, ga noman da ake yi bayan ruwa ya janye ba a buƙatar ambaton ambaliya sam. A ma'anonin aro kuma, fi'ilan hausa irin su kwararo, tumbatsa da cika sun fi sunan dacewa. Aikin da ya rage shi ne a bi karin harshen Katsinanci na Maraɗi, da Adaranci na Tawa, da Damagaranci, a tattara sunayen da manoman fadama ke ba kowane matakin hawan ruwa da saukarsa, domin a shigar da su cikin ƙamus mai harsuna uku.