Cacar ƙwallo ta shigo mana gida ta salula

A taron asusu mun fara jin kuka iri ɗaya: kuɗin zubi sun ɓace a ɗaki, ashe ƴaƴanmu masoya Barsa da Madrid ne suka zuba su a caca. Wai dala ashirin ce kawai, don kallo ya yi armashi. To, mun buga lissafi: dala ashirin kullum, jika 3 ke nan a wata, sama da jika 36 a shekara. In yaro ya haɗa wasa 10 a tikiti guda, ɗaya ya kuskure, duka sun tafi, sai ya ranto wai zai maido. Ƴan uwa mata, mu zauna da yaranmu tun mai bashi bai yi mana sallama ba.