Ɗiyarki Ta Nemi Malam Abdullahin Gwandu a Waya Ta Rasa?

Uwargida, idan kina Maruda ko Kalgo, ɗiyarki kuma tana Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wataƙila kin taɓa ganin ta raba dare tana latsa waya, data ta ƙare, ranar miƙa aiki ta matso, tana cewa, "Inna, ban samu komai a kan Malam Abdullahin Gwandu ba." Ki kwantar mata da hankali, rubutu na nan jibge. Sau da yawa rubutun suna ke ɓoye shi.

Rumbunan littattafai na intanet baƙaƙen da aka shigar suke bi. Ƙanen Shehu Usmanu, mai littafin Tazyinul Waraƙat, wani ya rubuta shi Fodio, wani Fodiyo, wani Fudi. Garin ma haka: Bature Heinrich Barth, da ya iso a 1853, "Gando" ya rubuta. Mai neman "Gwandu" kaɗai sai ya wuce shi.

Rubutun hannu na ajami kuwa, irin wanda Jami'ar Boston ta Amurka ta tara, hotonsa ake ɗorawa, don haka bayanin da ma'aikatan rumbun suka rubuta a kansa ne ke kai mai nema wurinsa.

To, ta gwada kowane salon sunan a Google Scholar, ta saka sunan littafin, ta jarraba da ƙ da ɗ, ta sake da k da d. In ya faskara, ta tambayi ma'aikacin laburaren jami'a, mai tambaya ba ya ɓata.

Ke fa, wace dabara ta taɓa fisshe ɗanki?